Baƙon Da Ya Wuce Zaure

Marigayi mahaifina malamin bishara ne a wani ƙauye, amma ban da wannan aiki yana da wani wanda ba a biyansa ko kwabo a kai. Shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa. A zamanin nan duk wasiƙun ƙauyenmu ta akwatin gidan waya na majami'a suke zuwa, can cikin gari, sai ran kasuwa wani ya ɗauko su a keke. Da yamma sai ka ga tsofaffi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su yi sallama, su zauna a zaure. Kafin Baba ya yage ambulan sai ya dube mu ya ce, "Ku je ku yi wasa." Ko mahaifiyarmu ba ta jin abin da aka karanta a zauren nan.

Wata rana, ina ɗan shekara tara, na laɓe bayan asabari na kasa kunne. Wata tsohuwa ce aka karanta mata cewa an kori ɗanta daga aiki a Legas, yana kwana a tasha, yana roƙonta kada ta gaya wa kowa. Na gaya wa abokina guda ɗaya tak. Kafin gari ya waye an sani har a bakin rijiya. Baba bai doke ni ba. Ya kama hannuna ya kai ni gidan tsohuwar, ya sa na durƙusa na faɗi abin da na yi da bakina. Ina tsammani da dukan ya yi mini da tuni na manta.

Ya ku masu karatu, na kawo wannan ne domin bayan shekara talatin da wani abu na sāke yin laifin nan, wannan karo kuwa ba ga tsohuwa ɗaya ba.

A watan Agusta na 1922 ba a san irin wannan masifa ba, amma a watan Agusta na 2022 ta same ni har gida. An yi wa matata aiki a asibiti wajen haihuwar autanmu, albashi kuwa wata biyu bai fito ba. Na riga na ci bashi a wurin duk wanda nake iya duban idonsa. Sai wani ƙaramin malami da muke koyarwa tare ya ce, "Malam, ai yanzu ba a zuwa gidan kowa. Akwai masu ba da rance ta waya, minti biyar an gama." Ya sa mini manhajar a wayata. Ta nemi lambata ta BVN, na ba ta. Ta ce in ɗauki hoton fuskata, na ɗauka. Sa'an nan ta shiga tambaya: ka yarda in duba sunayen da ke cikin wayarka? Ka yarda in duba saƙonni? Hotuna fa? Wurin da kake fa? Ni kuwa ina tsaye a barandar asibiti, ina ta danna "na yarda" kamar mai korar ƙuda. Na nemi Naira 30,000, aka turo mini 24,000, aka ce in mai da 33,000 cikin kwana goma sha huɗu. Lissafi nake koyarwa a aji shida, na kuwa ga wannan lissafi sarai. Amma mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya dafa.

Na yi lattin kwana biyar. Ran Lahadi da safe, ina ɗaura wa yaro takalmi za mu tafi sujada, sai waya ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Ashe an aika da saƙo ga dukan mutanen da ke cikin wayata, su 412, da hoton nan da na ɗauka a asibiti, ido ya faɗa, gemu ba aski. An rubuta cewa ni ɓarawo ne na gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya sami saƙon kuma shi ne ya tsaya mini, za a neme shi. A cikin mutanen nan akwai Baba Fasto da dattawa, akwai shugaban makarantarmu, akwai iyayen yaran ajina na shekara shida a jere. Akwai surukina.

Na je majami'a, gama rashin zuwa ya fi muni. Ba wanda ya ce mini kome. Gaisuwar ce kawai ta yi tsawo fiye da kullum, masu gaisuwar kuma suna duban kafaɗata maimakon fuskata. Washegari da sassafe surukina ya iso a kan babur, tafiyar mil goma sha biyu. Ya sayar da awaki biyu. Ya ajiye kuɗin a kan tabarma ya ce, "Malam, da ka faɗa mini." Na ce, "Baba, kunya ce ta hana." Ya ce, "To, ga ta nan ai." Bai ƙara ba, ya shiga ya ga jikansa.

Mako guda ina ganin kaina a matsayin wanda aka zalunta, an kuwa zalunce ni. Abin da ya juya mini tunani wata gwauruwa ce mai sayar da ƙosai a ƙofar makarantarmu. 'Yarta tana ajina, tana da ciwon sikila. Ta tare ni da safe, muryarta tana rawa. Ta ce an kira ta sau shida, an zage ta da Turancin da ba ta ji sosai, abin da ta kama kawai shi ne 'yan sanda. Kwana uku ba ta yi barci ba, tana jiran a zo a tafi da ita a bar yara su kaɗai. Na shiga yi mata bayani cewa ƙarya ce, ba wanda zai taɓa ta. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, ni fa don yarinya na ba ka lambar nan. Don in ciwo ya tashi a makaranta ka kira ni."

Nan na rasa ta cewa. Ashe ran nan a asibiti ba nawa na jinginar ba. Sunaye 412 na ba da jingina, ba kuwa ko ɗaya a cikinsu da na nemi izninsa. Muna ɗaukar waya kamar aljihun rigarmu, alhali ta fi kama da zauren Baba, cike da maganar mutane waɗanda suka amince da maigidan.

Daga baya na bi diddigi na ga ba ni kaɗai ba ne. Tun a watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rance tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan aika saƙo ga mutanen da ba ruwansu. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansu a Legas. Duk wannan ya faru kafin in danna nawa, ban kuwa ji ba. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa sunayen mutane da hotunan da ke cikin waya. Wannan ya rage ɓarna, ko da yake masu son zuciya sukan turo wa mutum manhajar ta bayan fage, ba ta kasuwar ba. In an turo muku irin wannan, ku sani da dalili aka bi ta bayan gida.

Amma masu rance ƙananan ɓeraye ne. Da na zauna na ƙirga abin da na riga na miƙa a shekarun nan, sai da na yi mamaki. A 2014 aka fito da BVN, muka je banki aka ɗauki zanen yatsunmu da hoton fuska. Muka yi layi a rana domin lambar ɗan ƙasa, wato NIN, aka sāke ɗaukar yatsu goma. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar nan, a watan Afrilu na 2022 kuma aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. To, yanzu sunana da fuskata da yatsuna da asusuna da layina duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Waya kuma, muddin tana kunne, tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, saboda haka kamfanin layi ya san unguwar da na kwana, da ranar da na je asibiti, da wanda na kira da tsakar dare, da tsawon maganar. Baba ya san asirin ƙauye ɗaya, yana kuwa mantuwa kamar kowane ɗan Adam. Na'ura ba ta mantuwa, ba ta kuma san kunya ba.

Na sha jin mutane suna cewa, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Ni ma na taɓa faɗa. Amma tsohuwar nan ta ƙauyenmu wane laifi ta yi? Ɗanta ne ya rasa aiki, shi ke nan. Wa ya taɓa gina katanga don yana sata a ciki? Muna kewaye gida domin a nan ake wanka, a nan ake jinya, a nan miji da mata suke saɓawa su shirya ba tare da maƙwabta sun sa baki ba. In Bahaushe ya yi maka addu'ar rufin asiri, ba cewa yake kai mai laifi ne ba. Fata yake yi maka kada rashinka da ciwonka su zama abin hira a kasuwa. Mai kuɗi ma yana bukatarsa, balle talaka, wanda sau da yawa mutuncin nan ne kaɗai jarinsa.

Ba na musun cewa hukuma tana bukatar ido. Mu da muke wannan yanki mun san abin da ake nufi da a tare hanya, mun kuma tara kuɗin fansa a majami'a fiye da sau ɗaya. In bin sawun waya zai komo da ɗan wani gida, wa zai ƙi? Da wannan hujja aka sa mu layi, muka kuwa yi ba gardama. Abin da ke damuna shi ne, har yanzu masu satar mutane da waya suke cinikin fansa, mu kuma da muka ba da yatsunmu ba mu da tabbacin inda aka ajiye su. A watan Yuni na 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta ba da sanarwa cewa ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa kansa a wani shafin intanet a kan Naira 100. Hukumar da ke riƙe da lambobin ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuffuka. Ko ta wace kafa abin ya tsiyaya, ni dai na tsaya a kan farashin. Naira ɗari ba ta sayen ƙosan da zai ishi yaro karin kumallo. In na minista ke nan, nawa ne na malamin firamare?

Can ƙasashen waje ma haka abin yake, har ya fi. A 2013 wani ma'aikaci mai suna Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka tana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanenta waɗanda ba a tuhumarsu da kome. A 2021 kuma 'yan jarida na ƙasashe da yawa suka haɗa kai suka tona labarin Pegasus, wata manhajar leƙen asiri ta wani kamfanin Isra'ila, wadda takan shiga waya ko mai ita bai taɓa kome ba, ta karanta saƙonni, ta kunna kamara da abin ɗaukar murya. An ce domin 'yan ta'adda aka yi ta, amma an same ta a wayoyin 'yan jarida da masu sukar gwamnatoci. Kayan aikin da aka saya domin kura, wa zai hana a gwada shi a kan akuya in ta cika kuka?

Doka kam akwai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma musamman domin wannan aiki. Na nemi dokar na karanta, da ƙamus a gefe. Ta ba mutum iko ya tambayi kamfani ko ofis abin da suke riƙe da shi a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya nemi a shafe, ya kuma janye yardar da ya bayar. Ta ware waɗansu abubuwa ta ce a yi kaffa-kaffa da su ƙwarai, kamar lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da zanen yatsunsa. Ta ce bayanan yaro sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Na rubuta wa masu rancen nan wasiƙa bisa ga wannan doka, na ce su shafe sunayen mutanena. Ba su amsa ba, ban kuwa yi zaton za su amsa ba. Amma karatun bai tafi a banza ba, gama da na kai wurin maganar yara da maganar lafiya sai na ga dokar ba da su kaɗai take ba. Da ni take, da makarantarmu.

Ga abin da muke yi. Muna da zauren WhatsApp na iyayen yara, mutum wajen ɗari biyu. Duk ƙarshen zango mukan ɗauki hoton takardar sakamako mu tura, da sunan kowane yaro da makinsa, har na ƙarshe a aji. In zango ya yi nisa mukan tura sunayen waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, da abin da ake bin kowa. Ni da hannuna na sha rubuta jerin nan, ina kuwa ganin ƙwazo nake yi. Ku gaya mini, ina bambancinsa da abin da aka yi mini ran Lahadin nan? Su sun ce ɓarawo, mu ba mu ce ba, iyakarta ke nan. Dabarar ɗaya ce, a kunyata mutum a gaban waɗanda yake jin nauyinsu har ya sayar da akuya.

Na kawo maganar a taron malamai. Shugabanmu mutumin kirki ne, ya kuma faɗi gaskiyarsa. Ya ce, "Malam, in ba a tura sunaye ba, ba a biya. In ba a biya ba, kai ma ba albashi, ka koma wurin masu rancen." Aka yi dariya, ni ma na yi, gama ba ƙarya ya faɗa ba. Muka yi ta ja har aka tashi. A ƙarshe an yarda sakamako a ba kowane yaro nasa a ambulan, an kuma cire layin da ke neman NIN na iyaye a takardar shiga makaranta, tun da ba wanda ya iya faɗin amfanin da muke yi da shi. Maganar masu bashi kuwa ban ci nasara duka ba. An daina turawa a zauren, amma har yanzu ana kiran yara a fito da su daga aji, kowa yana gani. Muna nan a kai.

Akwai kuma wadda ta fi wuyar faɗa, domin da kyakkyawar zuciya ake yin ta. 'Yar'uwa takan gaya wa ƙawarta damuwarta a asirce, kafin yamma an rubuta a zauren zumunta, a yi wa wance addu'a, likita ya ce kaza, ko mijinta ya yi kaza. Da ana faɗa a ɗaki mutum biyar su ji, magana ta bi iska. Yanzu rubutu ne, ana turawa gaba, yana nan har bayan shekara goma sa'ad da za a zo neman auren 'yarta. Ana iya yi wa mutum addu'a ba tare da sunan ciwonsa ba. In kuwa lalle sai an faɗa, a tambaye shi tukuna. Haka hotunan yara da muke sawa a Facebook, da rigar makaranta, da sunan makarantar a rubuce a bango, da lokacin tashi. A ƙasar da ake satar yara, wa muke yi wa kwatance?

A gida kuwa na zauna da babban ɗana, shi ya nuna mini inda ake duba iznin da aka ba kowace manhaja. Muka tarar wata ta tocila, wadda aikinta haske kawai, tana da iznin duba sunaye da sanin inda nake. Muka cire ta da 'yan'uwanta guda bakwai. Na daina barin kwafin takardar NIN a shagon masu hoton takardu in ya fito ba kyau, gama na taɓa sayen gyaɗa a ƙunshe cikin ta wani, da hotonsa da ranar haihuwarsa. Lambar nan da banki ko WhatsApp sukan turo, na gaya wa matata ko da muryata aka kira ta kada ta karanta wa kowa. Ban ce wannan ya toshe kowace kafa ba. Abin da ke hannun hukuma da manyan kamfanoni ya fi ƙarfin yatsana, sai dai mu yi ta tambaya, mu kuma tambayi masu zuwa neman ƙuri'a.

Sunaye 412 kuwa, na bi waɗanda na iya bi. Wata uku ina yi, waɗansu ta waya, waɗansu da ƙafa. Da yawa suka ce ba kome, Malam, ya wuce. Wani ya ce shi ma an yi masa, ya ɓoye. Mutum biyu har yau ba mu koma kamar da ba.

Mai ƙosai ta jefar da layin nan ta sayi sabo, gama kira bai daina zuwa ba, yau a zage ta, gobe a yi mata tallar rance. Da aka koma makaranta ta zo ta same ni a bakin aji da 'yar takarda a ninke. Ta ce, "Ga sabuwar, Malam. Amma ka bar ta a takarda, kada ka sa a wayar nan taka." Na manna ta a bangon rajista daga ciki. A zangon da ya wuce ciwon ya tasar wa yarinyar ana tsakiyar darasi, ni kuwa yanzu ba ajina take ba. Sai da na ruga ofis na buɗe kabad, na nemo tsohuwar rajistar, na danna lambobin ɗaya ɗaya. Ta zo da man suya a hannu, muka sa yarinyar a babur. Da suka tafi na buɗe jerin kiran da na yi, na shafe na ƙarshen.